Motocin Baƙi a Kan Tsohuwar Makabartarmu

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin kwaminmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ya jama'a, ya damina?

Ranka ya daɗe, ni ne Abdu mai amalanke, na bakin hanyar Tasawa. Maƙwabcina ya mai da gidansa masaukin baƙi na kwana biyu-uku, galibi fataken wake da ma'aikatan furoje, masu ayyukan raya karkara. Ban da ja a kan wannan. Dokar da meri, wato ma'aikatarku, ta kafa ce ta hana ni sukuni, wadda ta haramta wa baƙin ajiye mota a layi, ta ce su kai ta filin da ke bayan gidan.

Na ɗaya, wurin nan ba fili ba ne, tsohuwar makabartarmu ce. Yaran da kuka turo da igiyar awo sun ga wuri a share, suka kafa allon ajiye motoci, ba su tambayi kowa ba. Ka san yadda muke rufe namu: a jera itace, a zuba ƙasa. Itacen nan ya daɗe da ruɓewa, ba zai ɗauki babbar mota irin kat-kat ba.

Na biyu, bayan ruwan farko na bana tayar wata mota ta burma. Ni na kawo shanuna muka jawo ta. Da na leƙa ramin, wallahi farin ƙyalle na gani. Direban ya karkaɗe wandonsa ya tafi, mu muka mai da ƙasa muna salati.

Tun ranar abubuwa suka sauya. Awakin unguwa sun daina ratsa wurin, sai su kewaya. Da rana tsaka, ba kowa kusa, sai ka ji motocin sun fashe da kuka ɗaya bayan ɗaya, su kuma yi tsit gaba ɗaya. Mai gadin masaukin ya naɗe tabarmarsa ya koma garinsu Urafan, ya ƙi faɗa wa kowa abin da ya gani. Ni ba malami ba ne, ban ce komai ba. Amma ina jin tsoro.

Na uku shi ne ciwona. Akwai aduwa ɗaya tak a wurin, ni na dasa ta a kan matata Hadiza don kada kabarinta ya ɓace mini. Ita kaɗai ce inuwa, direba kuwa inuwa yake nema. Kullum da safe nakan duba sawun taya, kullum sai na tarar ya ƙara matsowa. Jiya har ya murƙushe tsingaron da ke wajen ƙafarta.

Roƙona a cire allon nan, a kai motocin tasha, a bar mu mu kewaye wurin da ƙaya. Kafin nan na ajiye amalanke, na shimfiɗa tabarma a gindin aduwar. Duk motar da ke son inuwar nan, sai ta fara bi ta kaina.

Allah Ya ja zamaninka, Ya jiƙan iyayenka, Ya sa kada taya ta taɓa hawa kansu.

Wassalam.

Abdu mai amalanke