Bugun Bello

Daren Laraba, Ƙaura

Yau kwana tara da ɓarayin daji suka ɗauke abokin aikina Bello a hanyar Kurya. Matarshi ta kira da azahar, ta ce, "Malam, ko sun bugo?" Na ce mata tukuna.

Da aka tashi aiki na kunna kwamfutar ofis. Wasan sinuka na sanda da ƙwallaye da ni da Bello muka bari rabi yana nan, kuma bugunshi ne. Na yi mishi yadda ya saba: sanda ta ƙasan farar ƙwallo, a hankali. Farar ta tura jar ƙwallo rami, ta mirgino ta dawo inda ta tashi.

Ban ji komai a raina ba, kallonta kawai nake.

Wanda ya jefa ƙwallo rami shi ke sake bugawa; tunda jar ta shiga, har yanzu bugunshi ne. Ban ƙara taɓawa ba.