Rariyar Nana

Samaru, 4 ga Maris, 1974

Malam Hamza,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Jiya na ga injin ɓarar gyaɗa a kasuwar Sabon Gari, an rubuta "Hamza da Uzodinma" ɓaro-ɓaro a jikinsa. Shekara huɗu muna zana injin nan tare a jami'a. Ka ajiye aiki, ka kai wa Uzodinma mai walda zanen, yanzu har babur ka saya, ni kuwa ina nan da kekena. Ba zan ɓoye maka ba, ƙyashi ya hana ni cin tuwo. Ina sunana?

Naka,
Jafaru

Sabon Gari, 9 ga Maris

Ɗan'uwa Jafaru,

Gaisuwa mai yawa. Sau uku na ce mu fito da injin nan, ka ce sai Turawa sun buga a mujalla. Amma ka yi gaskiya, ban kyauta ba.

Ga matsala. Da gyaɗar gonar gwaji muka gwada shi, manya-manya. Ta ƙauye ƙanana ce, sai ta zube ta ramukan rariyar ƙarfen da ɓawonta. Masu ƙuli-ƙuli sun fara dawo da shi. Kai ne gwanin lissafi. Zo ranar Asabar, Uzodinma ya ce da hannunsa zai sa sunanka a gaba.

Naka,
Hamza

Samaru, 15 ga Maris

Malam Hamza,

Bayan gaisuwa. Ashe sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada aka tuna da ni. Lissafin ramukan yana durowata tun bara. A bari a gama dawo da injinan tukuna, sannan mu yi magana.

Jafaru

Sabon Gari, 2 ga Afrilu

Ɗan'uwa Jafaru,

Ina gaisuwa. Asabar uku muna jiranka. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, Nana, ta gaji da jira. Ta huda murfin garwa da ƙusa, tana gwadawa da gyaɗarta har ya yi daidai. Uzodinma ya kwaikwaya. Yanzu duk kasuwa "injin Nana" ake cewa, ni ma an manta da ni. Ka huta lafiya.

Hamza

Samaru, 6 ga Afrilu

Hamza,

Na je kasuwa a ɓoye na auna rariyar Nana. Daidai take da lissafina, ba ragi ba ƙari. Wa zan gaya wa yanzu ya yarda?

Jafaru