Injin Ya Daina Mutuwa

Maman yara,

Na dawo ban same ki ba, kuma dole in koma wurin aiki. Injin yankan ciyawar nan dai na gyara shi, ni da kaina. Ashe matatar mai ce ta toshe, shi ya sa da an matsa totur sai ya shaƙe ya mutu. Na wanke ta, na busa kafireta, yanzu sai ruri yake yi.

Saboda haka in maƙwabcin nan ya zo da akwatin kayan gyaransa, ki ce masa an gode, an gama. Jiya ina tsugune ina zufa, kina ta cewa a kira shi, ai shi hannunsa daban ne, a gaban yara. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na yi miki tsawa. Ban kyauta ba, ki yi haƙuri.

Ciyawar kuwa ban taɓa ta ba tukuna. Sai na dawo da yamma, ki ɗauko kujera ki zauna, in yanke ta kina kallo.

Mijinki