Jar Wutar Cajar Isiya

Talata Mafara, Laraba da dare, tsakiyar bazara

Ƙuruciyata duka a gyaran injinan ban ruwa ta ƙare, amma tun da na ajiye aiki garin nan ya manta na yi karatu. Isiya kafinta kaɗai ke neman shawarata.

Shekaranjiya da tsakar rana ya sauko daga kan rufin kwano, ya kawo mini batirin injinsa na huda katako tare da caja. Muka jona, jar wuta ta kama ƙyaftawa. Ya ce, "Baba Injiniya, mi ka gani? Gobe ina da rufi a Maradun." Tabarauna na cikin aljihu, amma ban so ya ga ina laluben rubutu ba. Na ce a zamaninmu ja haɗari ne, batir ya mutu. Bai yi musu ba, ya ba 'yan jari-bola batirin.

Yau na tarar da cajar a kan bencinsa, na sa tabarau. Ashe komai na zane a jikinta. Ja a tsaye, caji take yi. Kore, ya cika. Ja mai ƙyaftawa kuwa, ga hoton ma'aunin zafi a gefe: batir ya ɗau zafi, a bar shi ya huce a inuwa. Abin da na yi ta koya wa leburori a kan inji ke nan.

Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "Ba komai, Baba, haka Allah ya so." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Batirin lafiyarsa ƙalau. Rufin Maradun kuma an ba wani.