Jirgin Yaran Ƙetare

Barranquilla, Fabrairu

Ƙanwata Eufemia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da malamanki. Kasuwar siminti ta yi kyau bana, sai na ce bari in tuna da makarantar da ta koya mini karatu. Ni da abokaina biyu za mu gina muku babbar ƙofa da katanga, a shafe su da fenti. Ke ce shugabar makaranta, ki aiko mini da awon filin.

Yayanki,
Aristides

Caño Manso, Maris

Yaya,

Na ga saƙonka, Allah ya ƙara buɗi. Muna lafiya, sai ruwan kogi da ya fara cika.

Maganar ƙofa na gode, amma wa zai shiga ta cikinta? Tun da kwalekwalen Don Efraín mai fito ya ruɓe, yaran ƙetaren kogi suka daina zuwa. Iyayensu ba sa yarda su hau na masunta, kuma ban ga laifinsu ba. Aji ya koma kamar coci ranar Talata. Sufeton ilimi ya ce in ya dawo a watan Yuni ya tarar da mu haka, rufe makarantar za a yi.

Jirgi muke so, Yaya, mai inji, da rigunan hana nutsewa na yara. Na san ba zai yi kyau a hoto kamar ƙofa ba.

Ka gaida matarka Leonor. Na ba direba cuku da busasshen kifi ya kawo muku.

Ƙanwarka,
Eufemia

Barranquilla, Afrilu

Eufemia,

Gaisuwa. Bakin nan naki har yanzu bai mutu ba. Na karanta wa abokaina wasiƙarki a wurin cin abinci, Hernando ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce inji a wuyansa. Jirgi na tafe. Kuɗin man inji da albashin Don Efraín kuma ni zan biya. Kifin ya yi gishiri, amma na cinye.

Ki huta lafiya,
Aristides

Caño Manso, Yuni

Yaya,

Bayan gaisuwa, sufeto ya zo. Motarsa ta maƙale a laka a ƙetare, dole ya shigo jirginmu tare da yara. Babu wurin zama, sai Don Efraín ya ɗora masa wata ƙaramar yarinya a cinya, ya ce, "Ranka ya daɗe, riƙe mana wannan." Da suka sauka na tambaye shi maganar rufewa. Ya kakkaɓe wando ya ce, "Malama, benci za ki nema, ba kwaɗo ba."

Sai wani abu. Ka tuna Doña Petrona mai soya rogo a bakin kogi? Jikokinta take rakowa kullum, ta tsaya a taga tana sauraro. Jiya ta ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Malama, jirgin nan na yara ne kaɗai? Ni ban taɓa rubuta sunana ba." Na ce sai na tambayi masu jirgi.

Allah ya saka muku da alheri.

Eufemia

Barranquilla, Yuli

Eufemia,

Ina gaisuwa. Ki ce wa Doña Petrona jirgi na kowa ne. A sa kafinta ya yi mata kujera ta manya, kada ki zaunar da ita a bencin yara. Ki kuma gaya mata ina jiran wasiƙa daga hannunta, ko layi ɗaya ne. Ba na sauri.

Yayanki,
Aristides