Yaya Mudi, Ban Yarda da Zancen Bikin Nan Ba

Zuwa ga babban yayana, Alhaji Mudi, a zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da uwargida Hajiya Ramatu da yara baki ɗaya. Mu nan Guangzhou sai godiya. Ruwa ake ta yi, zafi kuma bai fasa ba, kasuwa tana nan yadda ka bar ta. Mutanen gida duk suna gaishe ka, musamman Isufu ɗan Maraɗi, wanda ya ce in gaya maka fushi yake da kai.

Na san za ka ce me ya kai ni rubuta maka wasiƙa a shafina inda kowa zai karanta. Kai ka jawo. In na kira ba ka ɗauka, sai can ka turo 'yar muryarka ka ce kana cikin hidima. Amma na san ba ka iya wuce rubutuna ba ka leƙa ba, ko don ka samu abin da za ka yi mini tsiya da shi. Ku kuma masu karatu, ba da ku nake ba, amma ku zauna, wataƙila in buƙaci shaidu.

Shekarun da muka yi a gidan nan na unguwar Panyu, kai kana tura silifas Ghana, ni ina sayen leshi da yadi ina turawa kasuwar Kwari, ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Wannan karon ina zargin ka yi mini, kuma babba. Ka ce za ka je aurar da 'yarka Zainabu ka dawo. Ni dai ban yarda ba.

Ka tuna Lahadinmu? Tun hantsi kake korar kowa daga kicin, ka ɗaura tsohon zanen nan a ƙugu, ka ɗora wake da shinkafa da karan dafi har ta yi jan nan da ba na iya samu ko na kwana ina gwadawa. Ga shito, soyayyen yajin nan na Ghana, baƙi ƙirin yana ninƙaya a cikin mai, ga ganda ta yi luguf, ga dafaffen ƙwai, ga taliya a gefe, wai a Kumasi haka ake yi. Wani makon kuma tuwo ne da miyar lalo da ƙafar sa, ka kwarara man shanu ba tausayi. In wani ya ce man ya yi yawa, sai ka ƙara cokali guda kana kallonsa. Abin da kake cewa kullum shi ne, “Ku ci, kwantena ba ta san kun kwana da yunwa ba.”

Mutum nawa ne suka ci a falon nan? Wanda kayansa suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Nansha, wanda bizarsa ta kusa ƙarewa, sabon zuwa da bai ma iya riƙe tsinken cin abincin mutanen ƙasar nan ba. Kowa ya cire takalmi a ƙofa, ya ajiye damuwarsa tare da shi, a baje a kan leda ana ci ana gardamar ƙwallo da farashin dala har la'asar ta yi.

Sai kwalbar nan taka. Ruwan inabi mai gas, mai takardar gwal a wuya, wanda kake saye a wani ɗan shago a titin Liuhua Lu a kan kuɗin da bai kai na shiga tasi ba. Kai ka sa masa suna wain ɗin talaka. Ranar da ka fara kawo shi na ce ba zan sha ba sai na tabbatar babu giya a ciki. Isufu ya yi ta juya kwalbar yana neman Faransanci bai samu ba. Washegari na tasa ka a gaba har shagon, matar ta yi ta kaɗa hannu tana “meyo, meyo”, wato babu. Duk da haka ban daina shinshinawa ba kafin in kurɓa. Kai kuwa sai ka zuba a kofin shayi, ka ɗaga ƙaramin yatsa sama kamar wani minista, ka ce, “Bakano, kai ko ruwan zamzam aka ba ka sai ka tambayi wa ya ɗebo.” Gaskiya ka faɗa, haka Allah Ya yi ni. To halin nan ne ya hana ni sukuni a kanka.

Daga gishiri abin ya fara. Kai da kake ɗiga miya a tafin hannu ka lasa sau ɗaya ka ce ta yi, sai ga ka kana miƙo mini ludayi wai in ɗanɗana maka. Na ɗauka girma ne kake ba ni. Sai wata Lahadi da ban shigo da wuri ba, miyar lalo ta fito da gishirin da har Isufu, wanda ba ya barin loma, ya yi ta shan ruwa yana kallon ƙasa. Kai kuma ba ka ma lura ba, don ba ka ci ba. Ka cika wa kowa faranti, naka ka sa cokali biyu kana ta juyawa, ka ce wai ka riga ka ci a kicin. Makon da ya biyo baya ina kicin ɗin tare da kai tun farko har ƙarshe, kuma ban ga ka kai komai baki ba. Kofinka ma haka ya zauna a gabanka har gas ɗin ya mutu.

A lokacin ne tafiyarka zuwa garin Foshan ta yi yawa. Ka ce kamfani kake zuwa. Yaya, wane ɗan kasuwa ne yake zuwa kamfani ya dawo hannu biyu? Ko ba ka sayi komai ba, ai za ka dawo da samfur a leda, ko ƙafa ɗaya ta silifas ce. Kai sai ka dawo da filasta a bayan hannu, ka wuce ɗaki ka kwanta da takalmi. Na tambaya, ka ce sauro ne. Ka aske kai tal ka ce zafi. Na ga sabon rami a bel ɗinka wanda aka huda da ƙusa, na yi shiru don ina jin nauyinka.

Amma abin da ya sa gabana ya faɗi da gaske shi ne ranar da ka ce in raka ka. Waɗanda ba su san garin nan ba ba za su gane ba, bari in yi musu bayani. A nan mutum zai ba ka katifarsa, ya ba ka makullin ɗakinsa, in ka rasu ya tsaya a kan gawarka har a kai ta gida, amma ba zai nuna maka kamfanin da yake sayen kaya ba. Muna kankare adireshi daga jikin kwali. Wani ma sauka yake daga jirgin ƙasa kafin tasharsa, ya ƙarasa da ƙafa, don kada a san inda ya nufa. Ba mugunta ba ce, abincin iyalin mutum ke nan. Duk zamanmu tare ban san inda ake yin silifas ɗinka ba, kuma ban taɓa tambaya ba, kamar yadda kai ma ba ka taɓa tambayata inda nake ɗauko leshi ba.

Sai ga shi ka kai ni har ofishin lawban ɗinka, tsohon nan mai kamfanin. Ka kama hannuna ka sa a cikin nasa, ka yi ta magana da guntun Sinancinka. Ni ban ji abin da ka ce ba, amma fuskar tsohon nake kallo. Bai dube ni ba ko sau ɗaya, kai yake kallo. Ya zuba mana shayi. A hanyar dawowa na ce maka, mutum ba ya ba da kamfaninsa sai in ya gama da kasuwa. Ka ce surutuna ya yi yawa, ka jingina kai da gilashi ka rufe ido.

Bayan nan ne ka fito da zancen biki. To a nan ka yi kuskure, kuma ina mamakin yadda mai wayo irinka ya manta da wa yake zaune. Ni fa leshi nake sayarwa. Falonmu cike yake da dila-dilan leshi. Uban amarya, mutumin zangon Kumasi, inda ake canza kaya sau uku a biki ɗaya, zai tafi aurar da 'yarsa ta fari bai ɗauki ko yadi biyar na anko ba? Na zaɓo maka mai kyau na ce gudummawata ce, ka ce in ajiye, wai Hajiya ta riga ta saya. Hajiyar da ko ɗankwali take so sai ta sa ka turo mata hoton kala goma daga wurina.

Kilon kayanka na jirgi ma ba ka cika ba, ba ka kuma sayar wa kowa ragowar kilon ba. 'Yar jaka ɗaya ka rataya. Neman gafara kafin tafiya kowa yana yi, amma ban taɓa ganin wanda ya je har wurin mahaucin da muke sayen nama ya roƙe shi ya yafe masa ba. Ka tsayar da ni a kan tukunya ka koya mini shito dole, kana faɗa in na ɗaga ludayi. Ragowar karan dafinka, wanda da ko taɓawa ba ka bari a yi, ka zuba mini shi duka a leda.

Tun da ka tafi ba hoton ango, ba na amarya, ba ko na tukunyar biki. Na ce mu yi bidiyo, ka ce kyamarar wayarka ta lalace, kai da ka bar garin da ake sayar da waya kamar gyaɗa. Saƙonnin muryarka ina sa su a kunne in yi ta maimaitawa. Ba na jin hayaniyar zango a bayanka, ba yara, ba masu talla, ba ko kukan akuya. Shiru nake ji, sai numfashinka da kake tsayawa ka ja a tsakiyar magana.

Lahadi ba mu fasa ba, kada ka ce mun watse. Ni nake girkin, shinkafar tana fitowa wani iri, ba ja ba, ba fara ba. Isufu yana ci yana cewa Allah Ya isa. Muna buɗe kwalbar, mu yi dariya daidai gwargwado, amma kowa idonsa yana zuwa wurin zamanka kusa da fanka. Da an ambaci sunanka sai a ce ai kana can kana shan biki, sannan kowa ya sunkuyar da kai. Ina jin duk sun gane, kowa yana jiran wani ya fara faɗa.

Makon jiya na koma wurin lawban don in ba da odar kwantenar da ka bar mini amana. Da muka gama, sai ya tashi ya tura ƙofa. Ya dafa cikinsa, ya ambaci sunanka yadda yake iya faɗa, ya ɗaga mini gira yana tambaya. Na yi murmushi na nuna masa kana lafiya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya girgiza kai. Ya buɗe durowa ya ɗauko ƙunshin busasshen jan dabinon nan da suke dafa wa marasa lafiya, ya danƙa mini, ya nuna in aika maka. Da na fito na zauna a bakin titi da ƙunshin a hannuna.

Na ji haushi, Yaya, kuma har yanzu ina ji. A ce tsohon da ba ku ma jin yaren juna sosai ya san abin da ke cikinka, ni da muke sallah a kan darduma ɗaya ban sani ba? Na san dalilinka. Ba ka son a kewaye ka ana sannu, ana yi maka kallon tausayi. Ka san in na ji zan rufe harka in zauna a kanka, kai kuma lissafin 'ya'yana kake yi. Ka fi so mu riƙa tuna ka a tsaye kana rabon nama. Amma ba kai kaɗai ke da hakki a wannan zaman ba. Ka ciyar da mu shekara da shekaru, ka hana mu ko ɗumama maka ruwan zafi.

Don haka ga abin da na yanke, ba shawararka nake nema ba. Na sayi tikitin Accra. Isufu zai kula da kaya, leshi ba ya ruɓewa. Hajiya Ramatu, na san kina karantawa ko za a karanta miki: don girman Allah kada ki bari ya sa ki ce mini ya yi tafiya. Ba zan yi kuka a gabansa ba, ba zan tambaye shi komai ba. Tabarma kawai za ki ba ni a inda yake kwance.

In kuwa na yi maka ƙazafi ne, Yaya Mudi, to ka sa babbar rigarka ka zo tarbata da ƙafarka. Ka kama kunnena a gaban jama'a ka zage ni son ranka, ka sa in dawo shafin nan in ba ka haƙuri a gaban duk wanda ya karanta. Wallahi ba abin da nake so a duniya yanzu kamar wannan kunyar.

Ya Allah, Kai ne Masanin abin da bawanKa ya ɓoye. Ka sassauta masa, Ka ba shi lafiya mai ɗorewa, Ka saka masa da alheri a kan kowace loma da ya sa a bakin baƙo. Ka ba iyalinsa juriya. Ni kuma ban taɓa roƙon Ka ƙaryata ni ba sai yau. Ya Rabbi, Ka sa zargina ya zama ƙarya. In kuma gaskiya ne, Ka sa in iske shi yana gane ni.

Ka jira ni.

Ƙaninka da ba ya jin magana,
Garba
Panyu, Guangzhou