Hoton rumbun Baba Mato

Hajiya Cima, don Allah ki taimake ni, abin ya hana ni sukuni.

Ni mai ɗaukar hoto ce, ina aika wa wata jarida ta Yamai aiki daga Madawa. Bara da damina ta ƙi, shugabanmu ya ce rubutu kaɗai ba ya taɓa zuciyar kowa, hoto yake so. Sai na nufi wani ƙauye kusa da Babankatami, wurin Baba Mato, aminin mahaifina. Kin san rumbun namiji, ko matarsa ba ta leƙawa. Amma da na roƙe shi, ya buɗe mini, don ɗiya ya ɗauke ni. Ko zangarniya babu ciki. Na yi masa alkawarin ba za a ga fuskarsa ba, kuma na cika.

Ni da na tashi a Adar, na manta cewa kowa ya san rumbun kowa. Nasa yana da zanen yatsu a wuya, ginin hannunsa. Hoton ya zagaya wayoyi har Abijan, inda 'ya'yansa ke ci-rani. Mutumin da ke aika wa wasu damman hatsi, yau shi ake aika wa kwano, yana mayarwa. Ya daina zama ƙofar masallaci.

Gaskiya hoton ya sa wata ƙungiya ta kawo hatsi garin, shi kaɗai ya ƙi karɓa. Yanzu shugabanmu zai kai hoton gasa, ya ce in na hana, in nemi wani aiki. Kunya ta hana ni komawa garin. Yaya zan yi?

Mai nadama, Madawa

Ɗiyata, hotonki ya ciyar da gari, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kada ki raina shi. Shi ma shugabanki ba mugu ba ne, jarida yake son ta rayu. Amma abin da Baba Mato ya nema sutura ce, ke kuwa fuska kawai kika rufe.

Ki gaya wa shugabanki dukan abin da kika gaya mini, ki ce hoton ba zai je gasa ba sai mai rumbun ya yarda. Aikin yana iya kuɓuce miki, ba zan ɓoye miki ba.

Sannan ki sa mahaifinki gaba ku tafi. Kada ki riƙa buhun hatsi, zai ƙara masa ciwo. Kamarar ma ki bar ta gida. Ki durƙusa ki ce kin yi kuskure, ban da lissafa masa alherin da hoton ya jawo. In ya ƙi kallonki, haƙƙinsa ne, ki sake komawa.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya cika masa rumbu bana.